Fentin gwangwani a jikin mashin: abin da na gani bayan wata huɗu

Jincheng ɗina ya shekara tara a hannuna, rana ta cinye jan da ke jikinsa har ya koma kalar bulo. Ba kuɗin mai fenti ne ya gagare ni ba, sha'awa ce kawai ta in yi da hannuna. Na shiga babbar kasuwar Katsina na sayo gwangwanin fentin feshi mai mililita 400 guda shida: firaima (shafen farko da fenti ke kamawa a kai) biyu, shuɗi mai duhu uku, kiliya (shafen ƙarshe marar launi mai sa sheƙi) ɗaya. Na haɗa da samfefa da salatif.

Fesawar kanta ba ta kai awa biyu ba gaba ɗaya, gurza ce ta ci mani kwana uku. Na kwance tanki da kabobin gefe da madigadi, na juye man da ke ciki, na bar tankin a buɗe ya sha iska. Na fara da samfefa mai lamba 400, na bi da 800 ina jiƙa ta da ruwa, har sai da yatsa ya daina jin tudu. Akwai wata 'yar lotsawa da ƙofar gida ta yi wa tankin. Na raina ta ban cike ta da fila (ƙullun cike lotsawa) ba, yanzu ita ce abin da ido ke fara faɗawa a kai, domin fenti mai sheƙi tona aibi yake yi.

Gwangwanin ya yi abin da aka rubuta a jikinsa. In ka girgiza shi minti biyu, ka ja baya kamar taƙi ɗaya, ka riƙa wucewa sama-sama kana ba shi minti goma tsakanin shafe da shafe, yana kwanciya sumul. Inda na yi gaggawa na tsaya wuri guda sai ya zubo kamar hawaye, dole na jira ya bushe na sake gurzawa. Bakin gwangwani ɗaya ya toshe tun bai kai rabi ba. Daga baya na gane in an gama ana kifa gwangwanin a fesa har sai iska zalla ta fito.

Kuskurena na farko lokaci ne. Cikin hunturu na yi aikin, a tsakar gida, iska tana kwaso ƙura ta dire ta kan ɗanyen fenti. Madigadin gaba ya fito kamar an barbaɗa mashi gero. Sai na koma zaure da sassafe, na yayyafa ruwa a ƙasa, na bar ƙofa a buɗe saboda wari, shi ma uwargida ta yi kwana biyu tana mita a kansa.

Babban abin ya faru sati uku da gamawa. Ina shan mai a hanyar Ƙofar Ƙaura, fetur ya ɗan zuba gefen murfin tanki. Na sa tsumma na share, sai ga shuɗi a jikin tsumman, wurin ya yi laushi kamar cingam. Na kai wa wani dattijo mai fentin mota, ya shafa wurin ya yi dariya.

"Ɗana, da wace kiliya ka rufe?"

"Ta gwangwani ce, Baba."

"To ai ita bushewa kawai take yi, fetur na taɓa ta zai narkar da ita. Tanki sai mai haɗi biyu."

Wato wadda ake zuba wa sinadarin ƙarfafawa, ake ce mata 2K. Ita ba ta jin fetur in ta kama, amma tururinta na da illa ga huhu, takunkumin yadi ba ya tare shi. Shi ya sa ban yi gardama ba, na gyara shuɗin na bar mashi tankin ya rufe da injinsa.

Kabobi da madigadi har yau suna nan da kiliyar gwangwani, ba su ɓare ba, sai dai sheƙin bai kai na tankin ba in an jera su a rana. Ga waɗannan zan sake sayen fentin gwangwani. Salansa kuwa ban taɓa ta ba, tana buƙatar fentin da ke jure zafi, kuma sai iska ta kwanta zan waiwaye ta.