Rangwamen harajin motar lantarki a Colorado, da dala 1,500 da dillali ya jawo mini asararsu

Rangwamen harajin da jihar Colorado ta Amurka ke bai wa masu saye ko hayar motar lantarki ba labarin ƙanzon kurege ba ne, domin na karɓe shi kuma ya rage mini nauyi sosai. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya la'akari da yawan harajin da ake bin mutum, saboda ko da harajinka bai kai adadin rangwamen ba, ana biyanka ragowar kuɗin. Ya shafi motar da ke aiki da batir zalla, ya kuma shafi wadda ke haɗa fetur da caji, muddin sabuwa ce kuma farashin da kamfani ya sa mata bai wuce dala 80,000 ba. Ga mai haya irina, sharaɗin shi ne yarjejeniyar ta kai shekara biyu ko fiye.

Amma yadda aka yi da ni a wurin wani dillalin motoci da ke kusa da Denver har yanzu yana ci mini rai. A watan Disamba na 2024 na je wurinsu da niyyar kammala komai kafin shekara ta ƙare, domin duk mai bibiyar lamarin ya san cewa dokar da Gwamna Jared Polis ya sa wa hannu a 2023 ta tsara rangwamen dala 5,000 ne zuwa ƙarshen 2024, daga nan ya sauko zuwa dala 3,500 a 2025. Motar da nake so ba ta ƙasa a lokacin, sai ma'aikacin da ya karɓe ni ya ce tana kan hanya, ya buƙaci in ba da kafin alƙalami don a ajiye mini ita. Na tambaye shi ƙarara ko wannan kuɗin zai tabbatar mini da rangwamen 2024, ya amsa da cewa in kwantar da hankalina, su ne masu sana'ar kuma sun san abin da suke yi. Na biya, na koma gida na shaida wa uwargida cewa magana ta ƙare.

Motar ba ta iso ba sai a watan Janairu, kuma a ranar ne aka shimfiɗa mini takardun hayar. Da na duba layin rangwamen jiha, sai na ga an rubuta 3,500. Na nemi bayani, manajan sashen kuɗi ya ce ranar da aka sa hannu a yarjejeniya ce abin lura, kafin alƙalami kuwa ajiyar mota ce kawai. Ban musa maganarsa ba, amma me ya hana a faɗa mini haka tun a Disamba, lokacin da akwai wasu motocin a harabarsu da zan iya ɗauka nan take? Ma'aikacin da ya yi mini alkawari ya tsaya gefe yana kallon ƙasa, bai ce uffan ba. Ko kalmar ban haƙuri babu wanda ya furta, balle a rage mini wani abu daga farashin don a share mini hawaye. Mutumin da ke tashi da asuba ya tafi aiki cikin dusar ƙanƙara ya san gumin da ke cikin dala 1,500.

Ƙari a kan haka, da na zaɓi in miƙa musu haƙƙin rangwamen domin a cire shi daga kuɗin mota nan take, maimakon in jira lokacin cike takardun haraji, sai da suka yanki ladan aikin takarda. Doka ta halatta musu hakan, kuma adadin ba shi da yawa, sai dai a wannan rana ya yi mini zafi ƙwarai.

Duk da haka, adalci ya sa in ce tsarin kansa ya yi mini rana. Farashin motar bai kai dala 35,000 ba, don haka na samu ƙarin dala 2,500 da jihar ta ware wa motoci masu sauƙin kuɗi, sannan kamfanin da ya ba da hayar ya sako rangwamen gwamnatin tarayya na dala 7,500 a cikin lissafin. Abin da nake biya a wata bai kai kuɗin fetur da nake zubawa a tsohuwar motata ba. Ina caji a gida da dare, ba na canjin baƙin mai, kuma ko da yake sanyi yana rage nisan da batir ke kaiwa, zirga-zirgata ta cikin gari ba ta taɓa tsayawa ba.

Sai dai da na je yin rajistar lamba, ɓacin ran ya dawo sabo, domin a dillalin babu wanda ya ambata mini cewa harajin mallakar sabuwar mota a shekarar farko kashi 2.1 cikin ɗari ne na kashi 85 cikin ɗari na farashin kamfani, ga kuma kuɗin shekara-shekara da ake ɗora wa motocin lantarki tun da ba sa biyan harajin fetur. Wani yanki na abin da na ɗauka riba nan ya tafi.

Wanda zai shiga yanzu kuwa ya tarar da an kusa kwashe tukunyar. Rangwamen tarayya ya ƙare a ranar 30 ga Satumba 2025, na jiha kuma ya koma dala 750 a 2026, sai ƙarin nan na motocin da ba su kai dala 35,000 ba. Wani ɗan'uwa da muke salla a masallaci ɗaya ya nemi in raka shi wurin dillalin nan, na ce masa zan raka shi ko'ina ban da can, kuma duk inda muka je kada ya ba da ko sisi sai an rubuta masa adadin rangwamen da ranar sa hannu a takarda.