Agogon ƙirga taku: lissafinsa ba daidai ba ne, amma ya ɗaga ni daga kujera

Agogon nan mai maɗaurin roba da ya cika shagunan waya a babbar kasuwar Garwa, na saye shi sefa dubu takwas bayan doguwar tayi. Ni tela ne, daga safe zuwa la'asar ina kan keken ɗinki, in an tashi kuma ɗan mashin ya sauke ni ƙofar gida. Ciwon baya ne ya sa na fara neman abin da zai riƙa tuna mini cewa ina da ƙafafu.

Ƙirgar takun ba abin dogaro ba ce. Na'urar da ke cikinsa motsin hannu take ji, ba ta san ƙafa ba. In na hau mashin muka bi hanya mai ramuka, sai in sauka da ɗaruruwan taku da ban yi ba. In ina guga ko yanka yadi, haka nan. Na ɗaura wa Inna shi ranar da take dakan gero, kafin ta gama ya buga mata murnar cika adadin yini. Da na faɗa mata, ta ce: "Kai ɗan nan, cire mini abinka. Ina tsaye wuri ɗaya zai ce na je Pitowa na dawo?" Ranar da na turo baro daga kasuwa kuwa, hannu a kafe, kusan bai ƙirga komai ba.

Taku dubu goman da aka saita masa ma ba daga likita ya fito ba. Wani kamfani ne a Japan ya yi amfani da shi wajen tallan na'urarsa a 1965. Hukumar Lafiya ta Duniya da mintuna take lissafi: a ƙa'idojinta na 2020, babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma numfashi ya ɗan ɗaga. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 sa'a guda kullum. Wanda ya kai 65 ya ƙara da motsin da ke taimaka masa tsayuwa daram, kwana uku a mako, saboda faɗuwa. Don haka na daina bin takun, na koma duba minti. Rabin sa'a bayan sallar asuba, in bi ta wajen filin wasa na Roumdé Adjia in dawo, kafin rana ta buɗe. A watan Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40, wanda bai fita a wannan lokacin ba sai dai bayan magariba.

Abin da ya biya kuɗinsa shi ne girgizar da yake yi in ka daɗe a zaune. Da farko haushi take ba ni, musamman lokacin ɗinkin sallah. Yanzu in ya motsa nakan miƙe in kai kaya wajen mai aiki da kaina, maimakon in aiki yaro. Bayana ya yi sauƙi sosai.

Wuri ɗaya nake jan kunne. Yana nuna wasu lambobi wai awon hawan jini. Na ɗaura shi a jikin kwalbar ruwa, ya ce mini 120/80. Awon gaskiya da abin nan da ake naɗawa a damtse ake yi, kuma daga 140/90 ake maganar hawan jini. Dattijon da ke shan magani ya ga agogo ya ce lafiya lau ya ajiye ƙwayoyinsa, an shiga uku.

Caji yakan kai kwana huɗu, wanda ba laifi a garin da wuta ke wasan ɓuya. Robar tana tara gumi, ta fito mini da ƙuraje, sai da na ɗinka masa maɗauri na yadi. Ruwan alwala bai taɓa shi ba. Manhajar wayar Faransanci da Turanci take ji, kuma rubutun fuskarsa ƙanana ne ga mai raunin gani.

Tela, mai shago, direba da ma'aikacin ofis, zai yi musu amfani. Manomi ko matar da ke ɗibar ruwa da daka, su riƙe kuɗinsu.