Ƙwayar FT232H: sharhi ga masu neman saurin USB a ƙananan na'urori

Injiniyan da ya ƙera na'ura mai tara bayanai da yawa, kamar allon FPGA (guntun lantarki da ake iya tsara aikin da'irorinsa bayan an ƙera shi) da ke ɗaukar hoto ko karatun ma'auni ba tare da tsayawa ba, dole ne ya yanke shawarar ƙwayar lantarki (chip) da za ta kai bayanan zuwa kwamfuta ta USB. Ƙwayoyin da aka saba gani a alluna masu araha, irin su CH340 da CP2102, ba sa wuce matakin USB na megabit 12 a daƙiƙa, wanda ya wadatar wajen aika umarni amma ba ya ɗaukar nauyin kwararar bayanai. FT232H, wadda kamfanin FTDI na birnin Glasgow a Sikotland yake yi, tana aiki ne a matakin USB 2.0 mai megabit 480.

Babban abin da ya sa nake fifita ta shi ne cewa ba ta buƙatar a rubuta mata manhajar ciki. Duk ƙa'idojin USB an gina su a jikinta, abin da ya rage wa mai ƙira shi ne ya ɗora mata kiristal na megahaz 12 mai daidaita bugun agogonta da ƙaramar ma'ajiyar EEPROM mai riƙe saitunanta, ya saita ta da manhajar FTDI mai suna FT_PROG, sannan ya yi magana da ita ta direban D2XX, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da ƙwayar. Abokiyar gogayyarta, CY7C68013A ta kamfanin Cypress, wanda Infineon ya saya a 2020, ta fi ta sassauci, sai dai tana ɗauke da ƙwaƙwalwar 8051 da sai an zauna an rubuta mata shiri kafin ta motsa. Ƙari a kan haka, sashen MPSSE na FT232H, mai kula da sadarwa da wasu ƙwayoyi, yana magana ta hanyoyin sadarwa na SPI da I2C da JTAG, agogonsa kuma yana kaiwa megahaz 30, shi ya sa masu gwajin alluna suke yawan amfani da ita.

Amma kada lambar 480 ta ruɗi kowa. Tsarin USB 2.0 da kansa bai yarda a wuce kimanin megabait 53 a daƙiƙa ba (megabait ɗaya daidai yake da megabit takwas), kuma abin da FTDI ya yi alkawari shi ne har zuwa megabait 40, wannan ma a yanayin FIFO (inda bayanin da ya fara shiga shi ke fara fita) mai tafiya da agogo kawai, inda ƙwayar take fitar da bugu na megahaz 60 da dole FPGA ta bi sau da ƙafa. A nan ne rauninta yake bayyana, kuma raunin ba ƙarami ba ne. Ma'ajiyarta ta wucin gadi kilobait 1 ce tak a kowane ɓangare, na aikawa da na karɓa, saboda haka idan kwamfuta ta ɗan shagala da wani aiki, ma'ajiyar ta cika cikin ƙiftawar ido, layinta mai suna TXE# ya ba FPGA alamar tsayawa, duk bayanin da ba a tanadar masa wurin jira a FPGA ba kuwa ya salwanta. 'Yar'uwarta FT2232H tana da kilobait 4 da tashoshi biyu, amma ita ma ba ta raba mai ƙira da sanya tasa ma'ajiyar ba. Akwai kuma lokacin jinkiri na milidaƙiƙa 16 da direba yake zuwa da shi, wanda ya kamata a rage idan saƙonnin gajeru ne kuma ana son amsa nan take.

Batun saye ma yana son lura, domin a 2014 wani direban FTDI na Windows ya hana jabun ƙwayoyin FT232R aiki, abin da ya jawo wa masu na'urori da yawa asara. Gara a saya daga dillalin da kamfanin ya amince da shi ko da kuɗin ya ɗan fi yawa. Wanda aikinsa ya wuce megabait 30 a daƙiƙa ba tare da yankewa ba, shawarata ita ce ya duba ƙwayoyin FT601 ko FX3 na matakin USB 3.0 tun kafin ya zana allonsa.