Wasiƙa daga Detroit: kaya da arha, gyara da tsada

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da su Hajiya da yara baki ɗaya.

Ka tambaye ni ko hotunan da ake yawo da su a waya, na unguwannin Amurka da suka koma kufai, gaskiya ne ko sharrin maƙiya. Gaskiya ne, Yaya. Detroit ɗin da nake zaune, a jihar Michigan, ita ce ma ta fi yin suna a kan haka.

Wanda ya sauka tsakiyar gari zai rantse ƙarya ake yi: dogayen benaye, bakin kogi an gyara shi tsaf, kana hango Kanada a tsallake. Amma ka ɗan kora mota gabas. A layin da nake bi zuwa aiki, za ka ga gida da mutanensa, an share ƙofa an shuka furanni. Na jikinsa an toshe tagogi da katako, rufi ya rufta, har bishiya ta tsiro daga cikin ɗaki. Gaba kuma fili ne ciyawa ta kai gwiwa, inda aka rushe gidaje aka kwashe. Gidajen jan bulo ne masu kyau fa, irin waɗanda a Kano sai mai hali.

A 1950 mutanen garin nan sun haura miliyan 1.8, suna cin abinci a masana'antun mota na Ford da General Motors da Chrysler. A ƙidayar 2020 ba su kai 640,000 ba. Masana'antu sun koma bayan gari, wasu sun bar ƙasar, inji ya karɓe aikin hannu. Aka shimfiɗa manyan tituna, har aka share unguwar baƙar fata ta Black Bottom, masu hali suka bi titin suka fice, yawancinsu farar fata. Tarzomar da ta ɓarke a garin a 1967 ta ƙara wa abin gudu. Kai da ka san Kakuri lokacin da masaƙun Kaduna ke aiki dare da rana, ka kuma ga yadda ta koma bayan an rufe su, ba sai na yi maka dogon bayani ba.

Abin da mutanenmu ba su gane ba shi ne, a nan kowane gari da aljihunsa yake riƙe kansa. Fitilun titi, kwasar shara, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, kaso mai yawa daga harajin gidaje da na mazauna garin yake fitowa. Mutane sun tafi da harajinsu, tituna da bututun ruwa kuwa ba su rage tsawo ba. A 2013 Detroit ta je kotu ta ce ta karye, da bashin kusan dala biliyan 18, kuma a lokacin kusan kashi 40 cikin ɗari na fitilun titi ba sa kamawa. Akwai wani titi, Alter Road, a iyakar Detroit da wani ƙaramin gari mai suna Grosse Pointe Park. Ka tsaya a bakinsa: nan kangaye, can ciyawa a gyare da kwalta sumul. Ƙasa ɗaya, jiha ɗaya, aljihu ne ya bambanta. Abin nan yana sosa mini rai, don yaron da aka haifa a ɓangaren nan bai zaɓa ba.

Kaya kam akwai, kuma da arha idan ka auna da abin da ake samu. Sutura, talabijin, firji, har kujeru masu kyau za ka tsinta an ajiye bakin titi ga mai so. Wuta ba ta ɗaukewa sai an yi guguwa, famfo na zuba, ba ruwanka da janareta ko mai ruwa. Abin da ke da tsada hannun ɗan Adam ne. Mai gyaran famfo, zuwansa kawai ya duba sai ka biya, kafin ya taɓa komai. A gida bango na tsagewa ka kira birkila, ku yi ciniki a tsaye, kafin damina ya gama. Nan babban gyara sai da takardar izini da ma'aikaci mai lasisi. Tsohuwar da ke rayuwa da kuɗin fansho, idan rufinta ya fara yoyo, ido kawai take zuba masa. Sanyi ya zo, ruwa ya daskare cikin bututu ya fasa shi, gida ya jiƙe. Da ta bar shi, ɓarayin ƙarfe su shiga su zare wayoyi da bututun tagulla. Haka gida ke zama kango.

Shi ya sa, don Allah, ka ja kunnen masu ce maka ana sayar da gida dala 1,000 a Detroit. Hukumar filayen garin tana gwanjo daga wannan farashi, har filin da ke jikin gidanka tana bayarwa dala 100. Sai dai akwai sharaɗin gyarawa, kuma gyaran yakan ninka kuɗin sayen sau da yawa, ga haraji duk shekara.

Cefane ma da wahalarsa. Kantin da ke kusurwar layinmu giya da lemo da kayan gwangwani ne suka cika shi. Mai kantin yana bayan gilashi mai kauri wanda harsashi ba ya hudawa, ka sa kuɗi a wani akwati mai juyawa, ya juyo maka da canji. Naman halal sai na je garuruwan maƙwabta, Dearborn ko Hamtramck, inda Musulmi ke da yawa har ana jin kiran salla a lasifika. Kayan miya kuma ranar Asabar a kasuwar Eastern Market. Duk wannan sai da mota, domin babu adaidaita sahu da za ka ɗaga wa hannu, bas kuma sai ka sha jira cikin sanyi. Inshorar mota a Detroit tana cikin mafi tsada a Amurka.

Garin Baltimore ma yana da layuka na gidajen da aka toshe. Los Angeles nata ciwon daban ne: tsadar haya ta sa mutane kwana cikin tantuna a unguwar Skid Row.

Ana ƙoƙari, ba zan ɓoye ba. Zuwa ƙarshen 2016 an kafa sababbin fitilu 65,000. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Michigan Central, wadda aka rufe a 1988, kamfanin Ford ya saya ya gyara, aka buɗe ta a 2024. Maƙwabtana baƙaƙen fata, dattawan da suka ƙi tashi, su ke yanke ciyawar filayen da ba nasu ba, suna shuka kabeji da tumatir. Ina ganin girmansu ƙwarai.

Batun ɗanmu da zai zo karatu, kada ya biya kuɗin haya don ya ga hoton ɗaki. Ya turo mini sunan titi da lambar gida, in je in duba da rana, in koma da dare. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Wassalam, ƙaninka.