Hasken cikin bas mai hawa biyu bayan wata uku ina shiga da dare

Wata uku ke nan da aikina ya koma na yamma, saboda haka sai duhu ya yi nake shiga bas mai hawa biyu, kuma a irin wannan lokaci ne ake gane ko an yi tunani wajen tsara fitilun cikin mota.

Sababbin motocin da nake shiga fitilun LED gare su, siraran layuka biyu da suka bi silin daga gaba har baya, maimakon dogayen ƙwayayen fulorisan na tsofaffin motoci, waɗanda kan riƙa ƙyaftawa idan sun tsufa. A hawan ƙasa ba ni da ƙorafi. Matakala ce ma ta fi burge ni, domin an haskaka kowane taki har rawayan layin da ke bakinsa yana fitowa sarai, kuma duk wanda ya taɓa saukowa direba yana taka birki ya san amfanin haka.

Matsalar tana hawan sama. Silin ɗin can gajere ne, har dogon mutum sai ya sunkuya, don haka fitilar tana dab da ido, ga ta fara fat mai ratsin shuɗi, wadda a kimantawata ta kai Kelvin 5000 a ma'aunin launin haske, alhali mai ruwan ɗorawa ta wajen Kelvin 3000 ta fi sauƙi ga idon da ya wuni yana aiki. Babbar illar kuwa ita ce, idan cikin mota ya fi waje haske, gilashi madubi yake zama. Kujerar gaba ta sama, wadda fasinjoji ke rububi don kallon gari, ba na ganin komai daga cikinta sai fuskata da ta na bayana, har sau biyu ina wuce tashata saboda ban hango alamar titi ba. Masu ƙera motar sun san da wannan, tunda an rage fitilun da ke kusa da direba don kada haskensu ya faɗa kan gilashin gabansa.

Na yarda cewa kyamarorin tsaro suna bukatar haske, kuma ta allonsu direba ke ganin abin da ke faruwa a sama. Sai dai LED fitila ce da ake iya rage ƙarfinta, kuma da za a sassauta layin da ke kan kujerun gaba kaɗai, a bar na matakala yadda yake, da na koma zama a sama. A yanzu dai ƙasa nake zama, kusa da ƙofar fita.