Wurin da na yi allurar korona: tauraro uku na ba su, biyu daga ciki na nas ɗaya ne

Jiya na karɓo allurar korona zagaye na biyu, to yanzu dai ina ga na isa in faɗi albarkacin bakina kan wurin. Ba zan kama suna ba, ƙaramin asibiti ne aka kafa rumfa a harabarsa, benci huɗu, tebur biyu, sai akwatin sanyi da ake ajiye kwalaben.

Ni kaina ban je da zuciya ɗaya ba gaskiya. Cutar da sai ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce ta zama annobar duniya, kafin shekarar ta ƙare har an fara yi wa mutane allura a Ingila ranar 8 ga Disamba, ai dole mutum ya ce kai, yaushe aka yi daren har gari ya waye? Ga WhatsApp kullum da sabon bidiyo, wannan ya manna cokali a damtse wai maganaɗisu aka saka masa, wancan ya ce bayan shekara biyu duk wanda ya yi sai dai labari, wani ya ce hana haihuwa ne. Ban yarda da na cokalin ba, amma maganar daskarewar jini ta allurar kamfanin AstraZeneca ta tsaya mini a rai, don wannan ba jita-jita ba ce, Jamus da Faransa da Italiya duk sun dakatar da ita na ɗan lokaci a watan Maris 2021 kafin su ci gaba. Kuma ita ce dai ake yi a wurin a lokacin.

Ranar farko na isa wajen ƙarfe tara, aka karɓi katin shaida aka yi mini rajista, wannan bai ɗau lokaci ba. Sai zaman jira. Mun fi awa a benci babu wanda ya ce mana ci kanku, ma'aikata suna ta danna waya, mu muna ta kallon juna. Daga baya ne na gane dalili, kuma da sun faɗa tun farko da ba wanda zai ji haushi: kwalba ɗaya ta mutum goma ce, kuma in aka buɗe ta dole a ƙarar cikin awa shida ko a zubar da ragowar, shi ya sa ba sa buɗewa sai an cika goma. Mu kuwa tara ne. Ka ga rashin zuwan mutane ma kai da ka zo shi zai zaunar da kai.

Can sai ga wani dattijo da sandarsa, muka ce alhamdulillahi an cika. Ya zauna gaban mai rajista ya ce, "Yaro, kafin ka rubuta ni, an ce wannan abin yana daskarar da jini, ni kuma ina da hawan jini, yaya ke nan?" Wallahi tambaya ce mai hankali, irin wadda ke cikin cikina na kasa furtawa. Shi kuwa saurayin ko ɗaga kai bai yi ba, ya yi 'yar dariya ya ce, "Baba ku daina jin maganar 'yan intanet, kawo katinka kawai." Dattijon ya dube shi, ya mayar da katinsa aljihu, ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya kama hanya. Mutumin da ya taso tun daga gida da ƙafarsa fa, ai ya riga ya yi rabin yarda, amsa kawai yake nema aka mayar da shi sakarai. Muka koma tara, muka ƙara zaman kusan minti arba'in. Nan ne tauraro ɗaya ya tafi, na biyun kuma zaman kurame da aka bar mu muka yi ne ya cinye shi.

Abin da ya ceci wurin a idona wata nas ce, babbar mace, da alama ta daɗe a aikin. Da layi ya zo kaina na yi ta maza na maimaita tambayar dattijon. Ba ta ce mini ƙarya ne ba. Ta ce, "Malam gaskiya ne an samu, amma ba kasafai ba, kuma korona ita kanta tana jawo daskarewar jini." Sannan ta lissafa mini abin da zan lura da shi daga kwana huɗu zuwa 'yan makonni bayan allura, ciwon kai mai tsanani da ya ƙi jin magani, kumburin ƙafa, ciwon ciki da ba ya sauka, numfashi sama-sama, ta ce in na ga ɗaya daga ciki kar in tsaya shawara da kowa in zo asibiti. Na ce Sista to saurin da aka yi fa? Ta ce ba daga sama aka fara ba, an daɗe ana bincike kan dangin korona tun ɓullar cututtukan SARS a 2003 da MERS a 2012, sannan kuɗi ya samu, masu ba da kansu a gwada sun samu dubbai, aka riƙa haɗa matakan da a da sai an gama wannan a jira wancan. Duk wannan bai kai minti biyar ba fa. Ta ɗaga kwalbar ta nuna mini suna da ranar da za ta lalace, ta yage ledar sabon sirinji a gabana, kafin in gama karanta bismillah har ta danna auduga. Sai ta ce in koma benci minti 15 ko jiki zai nuna wani abu.

Ita ce kuma ta gaya mini in sa ran zazzaɓi, kuma ya zo ɗin, da daddare sanyi ya rufe ni har haƙora na haɗuwa, hannun ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse, na sha farasitamol na kwanta, zuwa jibi na miƙe garau. Da ba ta faɗa ba na rantse a daren nan zan ce shi ke nan 'yan WhatsApp sun yi gaskiya, kuma da safe ni ma in zama mai hana wasu.

Zagaye na biyu bayan mako goma ya fi sauƙi, mutane sun ƙaru, har da maƙwabcina da ya sa mini ido tun ranar farko yana jiran ya ga ko zan faɗi, da ya ga ina ta harkokina ya biyo ni. Tsafta babu laifi, akwai kwandon zuba sirinji, an rubuta lambar kwalba a katina duka sau biyun. Amma har yanzu babu ko takarda ɗaya a bango da ke bayanin abin da mutum zai ji bayan allura, kuma saurayin nan yana nan a teburinsa da halinsa. In za ku je ku sa riga mai sakin hannu, ku je da wuri, tambayarku kuma ku adana ta sai kun isa gaban mai allurar. Na dudduba bencin jiya ko zan ga dattijon nan mai sanda, ban gan shi ba.