Kayan Wasan Yara: Wanne Ya Cancanci Kuɗinku?

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, teburan masu kayan yara a Kasuwar Sheikh Gumi da Kasuwar Barci da ke Kaduna kan cika maƙil: bindigar roba mai wuta, mota mai rimot, waya mai waƙa. Bara na saya wa ɗana mai shekara huɗu irin motar nan. Kwana uku ya yi yana danna maɓalli, batir ya ƙare, aka sa wani, taya ta cire, shi ke nan. Kwalinta kuwa sai da ya kai damina. Yau gareji ne, gobe teburin mai shayi, jibi akwatin lefen 'yar tsanar yayarsa. Tun daga nan, kafin in ciro kuɗi sai na tambayi kaina: wa zai yi wasan, yaron ko abin da na saya masa?

Kayan batir ba su da wuyar hukunci. Abu ɗaya suka iya, yaro ɗan kallo ne kawai, kuɗin batir kuma ba ya ƙarewa. In har za ku saya, ku tabbata murfin batir ɗin da noti aka ɗaure shi. Ƙaramin batir mai kama da kwabo, idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona maƙoshinsa cikin sa'o'i kaɗan.

Inda na fi son iyaye su tsaya su yi nazari shi ne tubalan gini, domin su ne ke girma tare da yaro. Ɗan shekara biyu ya ɗora ya rushe, ɗan shekara shida ya gina gadar Kawo da motoci a ƙarƙashinta. Na roba da suka fi suna su ne LEGO na ƙasar Denmak, waɗanda aka yi wa rajistar fasaharsu a 1958, kuma tubalin wancan lokaci har yau yana shiga na yanzu. Akwai manyansu, Duplo, don ƙananan yara. Suna da ƙarko amma da tsada, shi ya sa wasu ke nemansu a gwanjo. In an samu, a wanke da ruwa da sabulu. Na kwaikwayo sun fi yawa a kasuwa, kuma ba duka ne marasa kyau ba. Ku ce wa mai kaya ya buɗe leda, ku haɗa guda biyu ku girgiza. Idan suka rabu, ginin yaro zai riƙa zubewa har ya yi zuciya ya bari. Idan kuma suka manne sai da ƙarfi, da haƙori zai riƙa raba su. Ku shinshina ma: robar da ke tashin wari mai hawa kai, ku bar masa abinsa.

Ni dai na katako sun fi kwanta mini a rai. Ku je wurin kafinta a Panteka ko na unguwarku, ya yanka muku guntaye talatin ko arba'in, dogaye da gajeru da masu kusurwa uku, ya goge su sumul da samfefa. Kada a shafa fenti, don wani fentin mai yana ɗauke da dalma, yara kuma komai baki suke kaiwa. A kuma guji katakon da aka yi wa maganin gara. Aibinsu ɗaya: suna da nauyi, in rigima ta tashi tsakanin wa da ƙani, jifa da su da ciwo.

'Yar tsana da ƙananan tukwane ba sabon abu ba ne wurinmu. Da tuwon ƙasa da gwangwanin tumatir muka tashi. Wadda ba ta magana ta fi mai kuka da waƙa, saboda yarinya ce za ta sa mata magana a baki, ta goye ta, ta raɗa mata suna. Kuma kada a hana maza. Yaron da ke "sayar da shinkafa" da murafun kwalba lissafi yake koya.

Sai na motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ɗan shekara 3 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 yana motsi a rana, na shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 na wasan da zai sa shi haki. Ƙwallo da igiyar tsalle suna da araha a nan. A gidan haya mai ƙuntataccen tsakar gida, irin na Rigasa ko Tudun Wada, igiya da allin zana 'yar gala-gala sun fi ƙwallo zaman lafiya da maƙwabta. Tsohuwar taya ta gare kusan kyauta ce wurin mai faci, sai dai a ajiye ta a rufe da damina, kada ruwa ya kwanta sauro ya hayayyafa. Keke kuwa, ku tafi da yaron ya hau. Idan ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, kada ku yarda da "ai zai girma ya same shi".

Ga wanda bai kai shekara uku ba, duk abin da zai shige cikin kwalin tsakiyar tishu ya yi masa ƙanƙanta. Fasasshen balan-balan da ƙananan maganaɗisu ma a nisanta su da shi.

Idan kuɗin abu ɗaya ne a hannu, ɗan ƙasa da shekara uku a saya masa manyan tubala, ɗan huɗu zuwa bakwai guntayen katako da ƙwallo. Wanda ya wuce haka, a ba shi kara da waya da murafun kwalba, kawunsa ya zauna ya nuna masa yadda ake haɗa motar kara.